Diskin Uwar Zare

Rana ta kusa take tsaka lokacin da matar ta shigo ofishin 'yan sanda. Tana gaba, wani mutum mai jakar goyo yana biye da ita. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"An sace min zane," ta ce wa Kofur da ke zaune a teburin karɓar ƙara.

Kofur ya jawo biro. "Ayya, sannu. Guda nawa? Atamfa ce ko leshi?"

"Wane irin leshi? Zanen kwamfuta nake gaya maka. Ga ɓarawon nan na kawo muku shi da ƙafarsa."

Mai jakar goyo ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. "Ranka ya daɗe, ni ne ma na ce mata mu zo nan."

Sufeto yana daga ƙuryar ofis, ya ji komai. Mutum ne da ba ya gaggawar magana. Ya sa aka kawo kujeru biyu, ya ce matar ta fara.

Uwar Zare ake kiranta a unguwarsu. Tana da injinan surfani guda biyu, irin waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, a wani ɗaki da ke bayan gidanta. Duk furen da allura za ta ɗinka, duk wuyan riga, duk bajon makaranta, ita ke zana shi da hannunta a kwamfuta, ta sa masa hanyar da allura za ta bi da lambar kowane zare. Tun kafin furfura ta fito mata take tara zanukan nan. Dukkansu suna cikin diski guda, wanda aka jona da rawutar intanet a falo, daga can kwamfutar ɗakin aiki ke jawo wanda ake so.

Jiya ranar hutu ce, ta wuni a asibiti wurin 'yarta. Yau da safe aka kunna kwamfuta, ta ce ba ta ga komai ba.

"Sai na kira Injiniya, tunda shi ya haɗa min. Ya taɓa nan, ya taɓa can, ya ɗago kai ya ce wai wannan ba diskina ba ne. To wa ya san kan abin nan in ba shi ba?"

"Akwai kwafi a wani wuri?" in ji Sufeto.

"Shi ne kwafin, shi ne asalin."

Injiniya, mai jakar goyon, ya yi ƙasa da murya. "Na sha faɗa mata."

"Kai, rufe min baki!" Ta juya ga Sufeto. "Makarantu na jiran bajonsu. Wannan ma mai sauƙi ne. In zanukan nan suka tafi, idona ba zai iya sake zana ko rabinsu ba. Sai dai in sayar da injinan in zauna."

Sufeto ya ɗauki hularsa.

Falon Uwar Zare ba shi da girma. A bangon da ke kallon ƙofa an kafa ɗan katako, a kansa akwai baƙin diski mai faɗin littafi, rawuta kuma tana zaune a kan diskin da eriyoyinta a miƙe. Fitilun duka biyun suna ci. Wanda bai sani ba zai rantse lafiya lau suke.

"Nuna min abin da ka yi, daki-daki," Sufeto ya ce.

Injiniya ya buɗe laftof ɗinsa. Ya ce da farko ya kashe rawutar ya kunna, abin da kowa ke yi. Shiru. Ya sake kebul ɗin da ya haɗa diskin da rawutar, ya gwada ɗaya ramin. Shiru. Sai ya shiga shafin rawutar, inda take nuna duk abin da aka jona mata, ya ga diskin yana bayyana yana ɓacewa.

"Sai na kara kunnena. Na ji yana ƙas, ƙas, kamar mai son tashi ya kasa. Na ce wannan yunwa ce, wuta ba ta isarsa. Da na leƙa baya sai na tarar an yi musayar adafta, wato wayar da ke kai wa kowanne wuta. Bakinsu iri ɗaya ne, amma ta diskin ta fi ƙarfi. An ba rawuta ta diski, an ba diski ta rawuta."

"Ba zai yiwu ba," in ji Uwar Zare. "Ni na ɗaura musu zare da hannuna. Ja a jikin diski, ja a wayarsa. Kore a eriyar rawuta, kore a wayarta. Ko makaho sai dai in ya ga dama."

"Ka riga ka gyara kenan?" Sufeto ya tambayi Injiniya.

"Na gyara, amma na ɗauki hoto tukun. Tun da wata ta ce na sace mata rimot, ba na taɓa komai a gidan mutane sai na ɗauka."

Hoton ya fito sarai. Waya mai koren zare a cikin diski mai jan zare.

Injiniya ya ci gaba. Da ya mayar da kowace adafta wurinta, ƙarar ta daina, diskin ya zauna daram. Amma babu komai a cikinsa, ko sunan da aka raɗa masa babu, sai na kamfani. Sabo ne fil, kamfani ɗaya, girma ɗaya.

Sufeto ya sunkuya ya dubi jan zaren da ke jikin sabon diskin. An zura shi ta ɗan ramin shan iska, an ƙulle da ƙaramin ƙulli, an datse jelar daidai wa daida. Ya gwada ɗaga rawutar, sai ya ga wayoyin gajeru ne, ba yadda za a zare diskin daga ƙarƙashi ba tare da an cire duka biyun ba.

Ya juya ga Uwar Zare. "Da Injiniya ne ya ɗauka, ce miki zai yi diskin ya mutu, ki yi haƙuri. Kuma da kin yarda."



"Akwai abin da ya fi damuna," in ji Injiniya. "Ranar da na haɗa mata, rawutar ta tsara diskin da irin tsarinta. Kwamfutar gida ba ta iya karanta shi kai tsaye. Duk wanda ya jona shi da laftof, tambayarsa za ta yi ko ya yarda a yi fomatin. In ya danna e, ta share komai."

"To in an danna, ba a iya dawo da su?"

Daga bakin ƙofa tambayar ta fito. Wani mutum ne mai gajeren gemu, sanye da rigar aiki mai tsabta.

"Wani lokaci a samu kaɗan, wani lokaci babu," in ji Injiniya.

"Ƙanena ne, Auta," Uwar Zare ta ce. "Shi ke jan injinan. Kai kuma me ka tsaya yi? Je ka share allurai."

Auta ya juya ya koma ɗakin aiki.

Mijin Uwar Zare yana zaune a baranda, ya miƙe ƙafa ɗaya a kan matashi, sandarsa a jingine. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, gwiwa ta zaunar da shi. Likita ya hana shi yawo, matarsa kuma ta fi likitan tsanani.

"Baba, jiya ina ka wuni?" in ji Sufeto.

"Nan falo. Ko ƙofa ban leƙa ba. Ina zan je da wannan ƙafar?"

"Tun fitarta har dawowarta?"

"Ƙwarai kuwa."

"Ba ka ɗan yi barci ba?"

"Ni? Ba na barcin rana."

Sufeto ya gyaɗa kai. Yana kallon yadda kofin ruwa ke rawa a hannun tsohon.

"To, Baba, a gabanka aka ɗaga rawutar kenan. Wa ya ɗaga?"

Tsohon ya ajiye kofin. Ya leƙa ta taga ya tabbatar matarsa ba ta kusa, sannan ya yafito Sufeto.

"Ɗana, kai ma namiji ne. Ƙwallo na je kallo gidan abokina, nan bayan layi. Wasan ƙarshe ne fa. Na ce in je in dawo kafin ta dawo."

"Ka kulle ƙofa?"

"Na dai jawo ta. Makullin yana da tauri, hannuna kuma ka ga yadda yake." Ya ɗaga hannun, yatsun suna kaɗawa. "Don Allah kada ta ji. Satar diski mai sauƙi ce a kan abin da zan gani."

"Da ka dawo ka ga wani canji?"

"Intanet ce dai ta ɗan yi gardama a wayata, ta dawo da kanta. Ban kawo komai a raina ba."

Kofur ya rubuta. Da suka sauko daga barandar ya ce, "Oga, wannan ko igiyar takalmi ba zai iya ɗaurawa ba, balle wancan ƙullin."

"Na gani," in ji Sufeto.

Ɗakin aikin yana warin man inji da sabon yadi. Bango guda cike yake da dunƙulen zare, jere bisa jere a kan ƙusoshi. A gefen taga wata mace tana zaune ta harɗe hannuwa. Ita ke datse jelar zare bayan inji ya gama. Almakashi ake ce mata, don aikinta da kuma bakinta.

"Ni dai a yi a gama, a sallame ni," ta ce tun kafin a tambaye ta. "Ban san diski ba, diski bai san ni ba."

"Kin zo jiya?" in ji Sufeto.

"Ranar hutu? Ko biyana ake yi ba na zuwa, balle ba a biya."

Kofur ya nuna wani dunƙule a bango. "Irin wannan jan ne a jikin diskin ko?"

Ta dube shi sheƙeƙe. "Wannan ne ja a wurinku? Ruwan hanta ne. Na kusa da shi ja mai duhu, na gaba ja mai haske. Haka kuke kama ɓarayin ma?"

Sufeto bai yi dariya ba, ko da yake Kofur ya ga gefen bakinsa ya motsa.

"Wa ke kwashe shara a ɗakin nan?"

"Ni mana. Kullum kafin in tashi. Ka taɓa ganin namiji ya kwashe?"

"Har shekaranjiya?"

"Na ce maka kullum."

"Yau kuma injinan ba su yi aiki ba."

"Da me za su yi?"

Sufeto ya jawo kwandon shara da ƙafarsa zuwa tsakiyar ɗaki. A ciki akwai guntayen zare ruwan hoda da fari, da ɗan yankin yadi.

Almakashi ta dubi kwandon, ta dubi Sufeto. Hannuwanta suka sauko.

"Rigar 'yar yayata ce. Fure biyu kacal. Ina da makullin ƙofar baya, na ce in shigo in yi in fita, zaren ma nawa ne na zo da shi. Madam in ta ji, kashina ya bushe."

"Kin yi furen?"

"Ɗaya na yi. Da na je jawo na biyun, sai kwamfuta ta ce ba ta ga diski ba. Ina cikin danne-danne sai na ji motsi a falo, kamar ana jan kujera. Na ce Baba ne. Na naɗe rigata na gudu."

"Kin tabbata Baba ne?"

"Yanzu da ka faɗa, ban ji sanda ba. Shi kuwa tun daga baranda ake jin ƙwas ƙwas ɗinsa."

"Ke da Auta, wa ya fi daɗewa a nan?"

"Shi mana. Ita ta raine shi tun rasuwar iyayensu. Inji kam babu kamarsa, ko a mafarki zai kwance shi ya ɗaura. Amma ba ta barinsa ya taɓa zane. Sau ɗaya ta ba shi ya zaɓi kala, ya yi wa mutane ganye ja. Har yau in faɗa ya tashi sai ta tuna masa. Wai ba ya sa hankali."

Sufeto ya ce ta jira a waje, ta turo Auta.

Auta ya shigo yana goge hannu da tsumma. Ya gaida Sufeto da ladabi, ya ƙi zama sai da aka ce ya zauna. Ya ce jiya a ɗakinsa ya wuni, a gidan haya da ke can gaba, yana wanki. Ba wanda ya gan shi, don maƙwabtan sun fita.

"Ka san yadda diskin yake aiki?"

"Ni dai in na danna suna, zane ya fito. Iyakar sanina kenan."

"Kana jin daɗin aiki da yayarka?"

"Ita ce uwa, ita ce uba. Me zan ce?"

"Ba abin da na tambaya ba kenan."

Auta ya naɗe tsumman gida huɗu, ya ɗora a gwiwa. "Ana zaune lafiya, ranka ya daɗe."

Sufeto ya miƙe kamar ya gama. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Af. Ɗauko min jan zare irin na jikin diskin, in kwatanta. Da koren ma."

Auta ya nufi bangon. Ya ɗaga dunƙule ɗaya, ya kifa shi ya dubi gindinsa, ya mayar. Ya ɗaga na kusa da shi, ya kifa, ya riƙe. Haka ya yi a jeren ƙasa. Cikin ɗan lokaci ya kawo guda biyu, kuma daidai ya kawo, ja mai duhu da kore mai duhu.

Sufeto ya kifa su shi ma. A gindin kowanne akwai 'yar takarda mai lamba.

"Na gode," ya ce. "Ka same mu a falo."

A falo Sufeto ya sa aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Uwar Zare tana kan kujera, Injiniya yana tsaye kusa da katakon, Kofur ya jingina da ƙofa. Sufeto ya ari almakashi ya yanko guntu daga kowane dunƙule, ya sa dunƙulen a aljihu, ya juya baya ya jera guntayen a kan ƙyallen.

"Wanda ya yi aikin nan mai natsuwa ne," ya ce. "Ya nemo diski iri ɗaya. Ya kwance jan zare daga tsohon ya ɗaura wa sabon, ya datse jela kamar yadda ake yi a ɗakin baya. Tun ɗazu nake tambayar kaina, mai irin wannan kula, yaya za a yi ya sa koriyar waya a jan diski?"



"Auta, miƙo min jan."

Auta ya matso. Ya dubi guntayen biyu. Hannunsa ya tashi, ya tsaya a sama. Maimakon ya dubi tebur sai ya saci kallon fuskar yayarsa.

"Kai, miƙa masa mana!" in ji ta. "Wannan ma sai ka yi shawara?"

Ya ɗauki na dama ya miƙa.

Kore ne.

Uwar Zare ta yi tsaki. "Kun gani ko? Haka yake tun yana yaro, ba ya sa..." Maganar ta maƙale. Ta dubi zaren da ke hannun Sufeto, ta dubi katakon da ke bango, ta sake duban ƙanenta.

"Ba rashin sa hankali ba ne," in ji Sufeto. "Akwai masu irin idon. Ja da kore, in duhunsu ya zo ɗaya, abu guda suke gani. A ɗakin aiki lamba yake karantawa. Zaren da kika ɗaura wa wayoyin nan kuwa ba shi da lamba."

Auta ya zauna a hannun kujera. Bai yi musu ba.

"Ina diskin?" Sufeto ya tambaya.

"Yana shago."

"Wane shago?" in ji Uwar Zare.

"Na kama shago, Yaya. Na sayi tsohon inji na gyara shi." Muryarsa ba ta rawa, kamar mai ba da labarin wani. "Inji na iya. Zane ne ba zan taɓa iyawa ba. Naki kuwa kowanne da lambobin zarensa a jiki, ba sai na ga kala ba. Na ce in ɗauka in sa wani, ki ɗauka lalacewa ya yi."

"Ba kwafi ka yi niyyar yi ka dawo da shi ba?" in ji Sufeto.

Auta ya dubi Sufeto. Ana ganin ya gane ƙofa ce aka buɗe masa.

"A'a," ya ce. "In tana da su, wa zai zo wurina?"

Kofur ya daina rubutu ya ɗago kai, sannan ya ci gaba.

Injiniya ne ya kasa haƙuri. "Ka jona shi da kwamfuta?"

"Na jona."

"Ta tambaye ka?"

"Ta tambaya."

Uwar Zare ta dafe hannun kujera da hannu biyu. Ba ta tambayi sauran ba, kuma ba wanda ya tambaya a madadinta. Sufeto ya ce a fito da mota.

Shagon yana cikin wani lungu bayan masu walda, ƙofarsa ta ƙarfe, ko allon suna ba a kafa ba. A ciki akwai inji guda da aka lulluɓe da tsohon labule, da benci, da ƙaramin tebur. A bango an kafa ƙusoshi a jere, babu zare ko ɗaya, amma a ƙarƙashin kowace ƙusa an rubuta lamba da fensir.

Laftof na kan teburin a buɗe, diskin yana gefensa da fitilarsa a kunne. Injiniya ya taɓa madanni, allon ya farka. Tambayar tana nan a tsakiya, da gurbin e da na a'a a ƙarƙashinta.

"Kada kowa ya numfasa," in ji Injiniya. Ya kai kibiya a hankali ya danna a'a, ya kashe diskin yadda ya kamata, ya rungume shi a ƙirji.

"Tun jiya take haka?" Sufeto ya tambayi Auta.

"Tun jiya. Na cire na sake jonawa, ta sake tambaya. Na ɗauka in na ce e ne zai buɗe. Na kai hannu ya fi a ƙirga."

"Me ya hana ka?"

"Ban san me kalmar take nufi ba. Kuma guda ɗaya ne a duniya." Ya sunkuyar da kai. "Na ce in bari in ji daga bakin wanda ya sani."

Ganin tambayar bai isa shaida ba, in ji Injiniya, don mai yiwuwa an taɓa wani abin kafin nan. Sai rawuta ta karanta shi za a sani. Suka koma gidan.

Wannan karon Uwar Zare da kanta ta riƙe wayoyin. Injiniya ya zare sabon diskin ya ba Kofur, ya zaunar da tsohon, ta miƙa masa jar waya ya soka. Diskin ya yi ɗan gurnani, ya daidaita. A shafin rawutar aka ga layi yana juyawa, yana juyawa. Mijinta ya dogaro sanda ya tsaya a bakin ƙofa. Almakashi tana leƙe ta taga.

Sai folda ta farko ta fito, ta biyu ta biyo ta, allon ya cika har ƙasa.

"Buɗe ɗaya," ta ce.

Ya buɗe. Bajon makaranta ne, da lambobin zarensa a gefe.

"Wani."

Ya buɗe wani, da wani. Sai da ta sa ya gangara har kan wani tsohon wuyan riga da ta zana tun tana koyo, sannan ta saki numfashi ta zauna.

"Injiniya, ka yafe ni."

"Ba komai, Madam. Amma yau ɗin nan za a yi kwafi, ko da faɗa."

Sufeto ya ce diskin kayan shaida ne, zai tafi da shi ofis, amma zai jira a gama kwafin tukun. Kofur kuwa zai wuce da wanda ake zargi.

"In na ce na janye fa?" in ji Uwar Zare, ba tare da ta dubi kowa ba.

"Sai ki zo ofis ki faɗa a rubuce, a kai wa na sama da ni. Yanzu dai ƙara tana hannunmu."

Kofur ya taɓa kafaɗar Auta. Bai fito da ankwa ba. Sun kai bakin ƙofa ta kira shi.

"Auta."

Ya tsaya.

"Shekara da shekaru ina zaginka a kan abin da ba ka gani. Me ya hana ka faɗa min?"

"Na faɗa miki, Yaya. Ina firamare, ranar da malami ya kore ni a kan zanen bishiya."

"Me na ce?"

"Kika ce in daina iskanci in buɗe idona."

Auta ya jira kaɗan, ko za ta ƙara wani abu. Da bai ji ba, sai ya gaida mijinta, ya bi Kofur zuwa mota.